Bin Sawun Fursunoni da Manhaja: A Haɗa Gidan Yari da Kotu

A daren 5 ga Yulin 2022 mahara suka fasa gidan gyaran hali na Kuje da ke Abuja, fursunoni 879 suka fice, cikinsu har da mutum 64 da ake tsare da su bisa zargin alaƙa da Boko Haram. Kafin nan, a Afrilun 2021, fursunoni 1,844 ne suka tsere daga gidan yarin Owerri. A Satumbar 2024 kuma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta rushe katangar gidan yarin Maiduguri, aka nemi mutum 281 aka rasa. Duk sanda irin haka ta auku, abin da ake fara tambaya shi ne su wa suka fita, su wa suka rage, kuma ina hotunansu. Gidan da bayanansa ke cikin littafin rajista kaɗai ba shi da amsa in wuta ko ruwa ya ci littafin.

Shi ya sa wannan jarida take goyon bayan a riƙa bin sawun kowane ɗaurarre da manhajar kwamfuta. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ranar da aka kawo mutum, sai a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a shigar da takardar kotun da ta aiko shi, da laifin da ake tuhumarsa, da ranar da zai koma gaban alƙali. Daga nan duk motsinsa sai an rubuta: daga ɗaki zuwa asibiti, zuwa wurin koyon sana'a, zuwa kotu, ko sauyi zuwa wani gidan. A wasu gidajen kaso na Amurka abin hannu mai lamba ake ɗaura wa fursuna, gandiroba ya haska shi da ƙaramar na'ura, nan take lokaci da wuri da sunan jami'in su shiga rumbun bayanai. Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya ma tana da nata tsarin adana bayanan fursunoni a kwamfuta. Abin da ya rage shi ne ya game kowane gida, kuma ya yi aiki kullum.

Sai dai muna tsoron a taƙaita amfanin wannan aiki ga hana tserewa. Waɗanda suka haura katanga ana shelanta sunayensu, ana baza jami'ai nemansu. Akwai wasu ɓatattun da suka fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma suna nan cikin gidan, ana ƙirga su safe da yamma. Kusan kashi biyu cikin uku na mutum wajen dubu 80 da ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Daga ciki akwai wanda fayil ɗinsa ya ɓace tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a, da wanda aka sauya wa alƙalinsa wurin aiki ba a sake kiran ƙararsa ba, da wanda ranar zamansa ta zo babu motar da za ta kai shi, da wanda aka ba beli ya rasa mai tsaya masa. Wani zaman jiran da ya yi ya wuce hukuncin da za a yanke masa ko da an same shi da laifin. Gandiroba ya san ɗakin da yake kwana. Abin da ba wanda ke tambaya shi ne me ya sa har yau yake ciki.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta wajabta wa shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa miƙa wa manyan joji da Antoni Janar, duk bayan kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jiran shari'a. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 kuma ta ba kwanturolan jiha damar sanar da babban joji idan gida ya cika ya batse, har ya ƙi karɓar sabbin mutane in ba a ɗauki mataki ba. Duka biyun sun dogara ne ga lissafi na gaskiya da ake sabuntawa a kai a kai, kuma nan ne kwamfuta ta fi magatakarda. Manhajar da ta san ranar shigar kowa za ta iya fitar da wannan jeri da kanta, ta aika wa babban joji ba tare da an jira ziyarar da yakan kai jefi-jefi don rage cunkoso ba. Domin haka dole ne a haɗa rumbun gidan yari da rajistar kotuna da ofishin masu gabatar da ƙara na kowace jiha, tun da yawancin waɗanda ke tsare kotunan jihohi ne suka aiko su, a gidajen da tarayya ke ɗaukar nauyinsu.

Akwai kuma batun alfarma. A 2024 an yi ta cece-kuce kan zargin cewa wani ɗaurarre da aka fi sani da Bobrisky bai yi zaman hukuncinsa a cikin gidan yari ba. Kwamitin da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya kafa ya ce bai sami shaidar ya kwana a waje ba, amma ya ce an ba shi gatan da sauran fursunoni ba sa samu. Bai kamata sai an kafa kwamiti kafin a san inda ɗaurarre ya kwana ba. In kowane motsi yana ɗauke da sa'a da sunan jami'in da ya ba da izini, kuma ba mai iya gogewa ba tare da an ga sawunsa ba, mai kuɗi zai sha wuyar sayen ɗakin asibiti, talakan da aka ji wa rauni a tsare kuma za a san hannun wa yake a lokacin. Wannan kariya ce har ga gandiroban da ke aikinsa tsakani da Allah.

Mun san inda gizo ke saƙa. Na'ura ba ta aiki babu wuta, gidajen yari da yawa kuma tsofaffin gine-gine ne na zamanin Turawa, irin na Kurmawa a Kano. Kafin a sayo kayan ƙawa, a tanadi sola da batura, a horar da ma'aikata, a sa manhajar ta iya aiki ko intanet ya yanke, a kuma ajiye kwafin bayanan nesa da gidan. Zanen yatsu da tarihin lafiyar fursuna amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafa, bai dace su tsaya a hannun ɗan kwangila ba, bai kuma dace wanda kotu ta wanke ya ci gaba da yawo da tabo a rumbun hukuma ba.

Muna kira ga Majalisar Tarayya, lokacin da Hukumar Gyaran Hali za ta zo kare kasafinta, ta nemi a kawo mata lissafin gidajen da suka shiga tsarin da waɗanda suka rage, da adadin masu jiran shari'a da suka haura kwana 180 a kowace jiha. A kuma buɗe wa Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ƙofar duba wannan jeri, a samar da layin waya da iyali za su kira a shaida musu gidan da ɗan'uwansu yake da ranar da zai koma kotu.