Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Jigawa Kan Ƙaramar Hukumar Maigatari

Mai girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Ina neman aron kunnenka kan Maigatari, ƙaramar hukumar da ke kan iyakar jiharmu da Jamhuriyar Nijar, wadda ƙidayar 2006 ta samu mutum kusan 180,000 a cikinta. Kokena ɗaya ne: Maigatari tana ɗauke da nauyin iyakar ƙasa, tana kuma tara wa gwamnati kuɗi, amma muryarta ba ta kai girman nauyin da aka ɗora mata ba. Wani ɓangare na gyaran wannan yana hannunka.

Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa in ɗan koma baya, domin wanda bai san yadda iyakar nan ta samu ba zai ɗauka can asali haka Allah ya yi ta. Maigatari na cikin masarautar Gumel, tare da Gumel ɗin kanta da Gagarawa da Sule Tankarkar. Sarauta ce ta Mangawa, wadda ta yi mubaya'a ga Barno, ba ta kuma taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Kafin a mayar da fadar zuwa garin Gumel a ƙarni na 19, a Tumbi take, kuma Tumbi yau tana cikin Nijar. Sarakunan sun sha gwabzawa da Haɗeja da Damagaram, an yi yaƙi an yi sulhu, an yi auratayya an yi fatauci, duk a cikin ƙasa ɗaya mai yashi da rijiyoyi masu zurfi. Sai Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka yi ta ja da goge layi, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu biyu, O'Shee da Tilho, suka bi daji tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi suna kafa alamomin iyaka. Da suka gama, tsohuwar fadar masarautarmu ta faɗa hannun Faransa, wa ya zama na Ingilishi, ƙane ya zama na Faransi. Har gobe ba a rasa gida a Maigatari da ba shi da dangi a wajen Dungas ko Magarya. Biki ɗaya ake ci, zaman makoki ɗaya ake yi.

Ƙasar kuwa ba mai yalwar ruwa ba ce. Damina gajera ce, rairayi ya yi yawa, iskar hunturu tana kwashe fuskar gona. Manomi yana shuka gero da wake da gyaɗa don ci, riɗi da zoɓo don kuɗi, kuma zoɓon nan da mata ke ɓarewa a tsakar gida yana tafiya har Meziko. Amma abin da ya ɗaga sunan garin shi ne kasuwar Alhamis. Raƙuma da shanu da dawaki da tumaki da awaki suna shigowa daga Nijar da ma gaba da ita, fatake daga kudancin Najeriya suna jira da tireloli, dillalai suna tsakani, 'yan canji suna juya naira da sefa. A bayan kowane sa da aka sayar akwai mai igiya, mai ba da ruwa, mai ciyawa, mai lodi, mai tuwo da mai shayi. Gari ne da arzikinsa yake kan hanya. In hanya ta buɗe an ci, in ta toshe an kwana da yunwa.

Kuma ta toshe, har sau biyu cikin shekara biyar. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamban shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda hakan ya sa ɗan Najeriya da ke zaune a garinsu ya koma neman mai kamar mai laifi. Da aka tashi buɗewa ranar 16 ga Disamban 2020, iyakoki huɗu aka fara da su: Seme, Illela, Mfum da Maigatari. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa Abuja ta san darajar wurin. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Babban ɗan kasuwa yana da jarin da zai jira, yana da wata hanyar da zai bi. Ɗan dako da mai tallar fura ba su da ko ɗaya. Su ne suka biya kuɗin shawarar da aka yanke a inda ba su da wakili, kuma da yawa daga samarin da aka rufe wa halal sun bi ta ɓarauniyar hanya, abin da aka ce ana son hanawa tun farko.

Na sani sarai buɗe iyaka da rufe ta ba hurumin gwamna ba ne. Ba zan ɗora maka abin da tsarin mulki bai ɗora maka ba. Amma tsarin mulkin 1999 ɗin nan, a jadawalinsa na huɗu, ya damƙa wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da rajistar haihuwa da mutuwa. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe shi. A nan ne maganata ta zo gare ka.

Kai masanin lissafin kuɗi ne, ka riƙe ma'aikatar kuɗi ta jihar nan kafin ka zama mataimakin gwamna. Ba sai an koya maka cewa kuɗin da ba a rubuta a inda jama'a za su gani ba yana da saurin ɓata hanya. Ina roƙon a riƙa liƙa lissafin kasuwar Maigatari a sakatariya da bakin kasuwa, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa: nawa aka karɓa kan dabbobi, nawa kan tireloli, nawa ya tafi jiha, nawa ya tsaya a ƙaramar hukuma, me aka yi da shi. Haka ma kason da ke zuwa daga tarayya kowane wata. Mai biyan haraji da ya ga rasit ɗinsa ya zama mashayar dabbobi, ko rumfa, ko likitan dabbobi mai duba garke kafin a loda, ba ya gudun mai karɓar haraji. Akuyar da ake tatsa dole a ba ta dusa, kuma a ba ta a gaban mai ita.

Akwai wani abu da ya fi ci mini rai, wanda ba ya fitowa a kasafin kuɗi. Yaron kan iyaka yakan tashi da tabon zargi. In ya je neman makaranta ko aikin soja ko fasfo, daga an ji sunan garinsu sai a fara kallonsa a matsayin baƙo, alhali kakanninsa suna wurin tun kafin a ja layin. Garkuwarsa ita ce takarda: shaidar haihuwa da takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ya kamata kowace mazaɓa ta samu mai rajistar haihuwa da ke aiki da dagatai da masu unguwanni da ungozomomi, domin su suka san wa ya haifi wa. Aiki ne marar tsada, amma shi ke raba yaro da wulaƙancin da zai bi shi har tsufa.

Sai yankin cinikayya marar haraji da aka ware a Maigatari tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. An kafa shi da kyakkyawar niyya, har yanzu kuwa bai kai inda aka yi fata ba. Riɗi da zoɓo da fatu suna nan a ƙofarsa. A faɗa wa jama'a inda aka kwana da abin da ya rage.

Magana ta ƙarshe ita ce maƙwabta. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, kuma zaman gwamnatocin ƙasashen biyu yana yin sanyi yana yin zafi. Amma makiyayi zai gangaro kudu da rani, ɓarawon shanu zai tsallaka layi, cutar dabbobi ba ta nuna takarda a shinge. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, akwai kuma hukumar raya al'ummomin kan iyaka ta tarayya tun 2003, sai dai dukansu nesa suke da kara. Abin da ake buƙata zama ne na ƙasa-ƙasa, kafin damina da bayan girbi, tsakanin shugaban ƙaramar hukuma da hakimai da sarakunan Fulani da shugabannin dillalai, da takwarorinsu na Dungas da Magarya, a ƙarƙashin inuwar fadar Mai Martaba Sarkin Gumel, wadda mutanen ɓangarorin biyu suke ganin girmanta. A tattauna burtali da mashaya da dawo da dabbar da aka sace. Gwamna ne kaɗai zai iya nemo amincewar Abuja ga irin wannan zama, ya kuma sa shi cikin kasafin shekara don kada ya mutu da sauyin kujera.

Ina fatan ofishinka zai ba da amsa a bainar jama'a kan lissafin kasuwar da kuma wannan zama kafin a gabatar wa majalisar dokoki kasafin kuɗi na gaba. Allah ya yi maka jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Naka, wani ɗan masarautar Gumel.