Kafin A Ci Bashin Gyaran Makaranta, A Tambayi Masu Biya

'Yan'uwa manoma, a taron jam'iyyu da muka yi bayan kaka, wani dattijo ya miƙe ya ce tun da iska ta yaye kwanon aji biyu a makarantar ƙauyensu, me zai hana jam'iyya ta ci bashi a gyara, a riƙa biya a hankali? Aka yi ta muhawara har rana ta faɗi ba a tsai da magana ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin yadda mutanen Amurka suke yi, kana in faɗi nawa ra'ayin.

A can kowace gunduma tana da hukumar makarantunta. Idan azuzuwa suka tsufa ko yara suka yi yawa, sai hukumar ta buga takardun lamuni, masu kuɗi su saya, a yi gini da kuɗin, a riƙa biyansu da ruwa shekara 25 ko 30. Da ƙarin harajin gidaje da filaye na gundumar ake biyan bashin. Amma a jihohi da yawa ba a cin bashin sai an kai maganar gaban masu ƙuri'a. In suka ce a'a, an rufe zancen ke nan.

A jihar Kalifoniya, dā sai mutum biyu cikin kowane uku sun yarda, don haka gundumomi da yawa suka riƙa faɗuwa ko da mafi yawan jama'a suna so. A shekarar 2000 masu ƙuri'a suka sauko da abin zuwa kashi 55 cikin 100, amma da sharuɗɗa. Dole a rubuta ayyukan da za a yi kafin ranar ƙuri'a. Ba a biyan albashin malamai da kuɗin. Kowace shekara sai an binciki littattafan lissafi. Kuma sai an kafa kwamitin sa ido na mutum 7 ko fiye, da iyayen yara da tsofaffi da 'yan kasuwa a ciki, ba a sa ma'aikacin hukumar ko ɗan kwangilarta. Mutanen kuwa ba kullum suke amincewa ba: a watan Maris na 2020 sun ƙi bashin dala biliyan 15 na makarantun jiha, a watan Nuwamba na 2024 suka yarda da na biliyan 10.

Kada ku ɗauka ƙuri'a maganin kowane ciwo ce. A 2011 hukumar makarantun Poway, kusa da San Diyego, ta ci bashin dala miliyan 105 a kan ba za a fara biya ba sai bayan shekara 20. Da aka tara ruwan, abin da za a biya ya kusa dala biliyan ɗaya. Watau yaran da suke aji a lokacin, su da 'ya'yansu ne za su biya. Surutun da aka yi ya sa a 2013 jihar ta yi dokar cewa abin da za a biya kada ya wuce ninki huɗu na abin da aka ranta. Ga wata kuma: gundumar da take da manyan gidaje da masana'antu tana tara kuɗi mai yawa da ɗan ƙaramin haraji, ta talakawa kuwa sai ta matsa wa kanta ta samu kaɗan. Mai shi ake ƙara wa.

To, mu fa? Mu ba mu da dokar da ta ce a kira mu ƙuri'a a kan ginin makaranta. Kuma kada mu manta, makarantar gwamnati nauyin gwamnati ce. Tun UPE ta 1976 ake wannan alkawari, dokar UBE ta 2004 kuma ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun Gwamnatin Tarayya don ilimin farko, sai dai jiha ta kawo nata rabon kafin ta karɓa. Saboda haka takardar roƙo zuwa ƙaramar hukuma ita ce ta fari, da sa hannun dagaci da hedimasta. Amma damina ba ta jiran amsar takarda, yara kuwa suna zaune a ƙarƙashin ɗorawa.

Ni dai ban goyi bayan jam'iyya ta ci bashi mai ruwa don gini ba. Mai gida a Amurka yawanci yana da albashin wata. Mu albashinmu yana hannun ruwan sama. Bashin taki aƙalla yakan biya kansa daga gona, aji kuwa ba ya fid da ko zangarniya ɗaya. Shekarar da fari ya zo ko fara ta sauka, banki ba zai ji wannan uzuri ba, sai a wayi gari ma'aji yana bin gida gida, 'yan'uwa cikin Almasihu sun daina gaisawa a ƙofar majami'a. Na ga irin wannan da idona a wani ƙauye da na yi aiki. An tara buhun dawa don yin bulo, ba a rubuta wanda ya bayar ba, ba a nuna rasit ba. Ginin ya tsaya a tsayin taga, har yau ba wanda ya isa ya ambaci gudummawa a garin.

Abin da ya kamata mu ara daga Kalifoniya shi ne ladabin tambaya. A kira kafinta da magini su faɗi bandir nawa na kwano, katako nawa, buhun siminti nawa, a rubuta a allo kowa ya gani. A yanka gudummawa bisa ga amfanin gona, misali mudu ɗaya a kowane buhu, yadda gwauruwa mai buhu uku ba za ta biya daidai da mai buhu sittin ba. Sannan a yi ƙuri'a a ɓoye. Ɗaga hannu a gaban fasto da dattawa ba ƙuri'a ba ce, kunya ce. A ajiye ƙwarya biyu a ɗaki, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwayar masara. Mata su jefa tasu, domin daga rumbunsu ma za a ɗiba. Maƙwabtanmu Musulmi da 'ya'yansu suke makarantar a gayyace su tun daga farko, su shiga ƙuri'a, su shiga kwamitin lissafi, ba sai ranar karɓar hatsi za a tuna da su ba. Wanda ya riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai binciken littafi, ko da kuwa dattijon ikilisiya ne.

In ƙwaryar "a'a" ta fi cika, a haƙura a sake lissafi, wataƙila aji ɗaya za a iya rufewa bana da aikin gayya. Sakatarorin jam'iyyun da abin ya shafa su zo taro mai zuwa da lissafin kafinta a rubuce.