Waiwaye: Yadda Mutanen Hindu Na Dā Suka Yi Wa Bashi Linzami

A shekarar 1905 aka kai wa wani ɗakin ajiye littattafai na birnin Maisur, can a kudancin Indiya, wani tsohon kundi wanda aka rubuta a kan kaba. Malamin da ke lura da littattafan wurin, Shamasastiri, ya duba ya gane cewa Artashastara ne, watau littafin dabarun mulki da tattalin dukiya wanda aka daɗe ana jin sunansa ba a ganinsa. Ya buga shi a 1909. Bisa ga al'ada ana danganta littafin ga Kautiliya, wazirin Sarki Candaragupta Mauriya wanda ya hau gadon sarauta wajen shekara 321 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake masana da yawa na yanzu sun fi karkata ga cewa an harhaɗa shi ne ɗaruruwan shekaru bayan haka.

Bashi dai hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Littafin bai hana kuɗin ruwa ba, sai dai ya yanka masa farashi gwargwadon kasadar da ke cikin harka. Bashin yau da kullum ruwansa ɗaya da kwata cikin ɗari a wata, watau 15 cikin ɗari a shekara. Ɗan kasuwa zai biya 5 cikin ɗari a wata, falken da ke ratsa dawa 10, mai fatauci a teku kuwa 20. Wannan na ƙarshe ya kama 240 cikin ɗari ke nan a shekara, abin da zai sa mai karatu ya riƙe baki. Amma fa jirgin da ya nutse ya tafi da uwar kuɗi da ruwanta gaba ɗaya.

Ana iya gardama a kan yawan kuɗin, amma ma'aunin yana da hujja. Wanda ba shi da hujja shi ne na littafin shari'ar Manu, inda asalin mutum ke yanke masa ruwan da zai biya: malamin Barahmin 2 cikin ɗari a wata, jarumi 3, ɗan kasuwa 4, Shudura kuwa, watau talaka mai aikin ƙarfi, 5. Wanda ya fi kowa rashi shi aka ɗora wa kaya mafi nauyi, ba don ya taɓa cin bashin wani ya hana ba. Sauƙinta ɗaya, shari'ar ta hana a karɓi ruwan da ya wuce uwar kuɗi a biya guda. Wannan ƙa'ida, da ake kira damdufat, ta yi ƙarko har kotunan Bombai suka yi aiki da ita a zamanin Turawan Ingila.

To, ina ake kai ajiya alhali babu banki? Wurin ƙungiyoyin masu sana'a, waɗanda ake kira shireni. Shaida tana nan sassaƙe a jikin dutse a wani kogo kusa da garin Nasik. Wajen shekara ta 120 bayan haihuwar Annabi Isa, Ushabadata, surukin Sarki Nahafana, ya damƙa tsabar kuɗi 3,000 ga ƙungiyoyin masaƙa biyu. Ɗaya ta karɓi 2,000 a kan ruwa ɗaya cikin ɗari a wata, ɗayar ta karɓi 1,000 a kan kwata uku. Sharaɗin shi ne uwar kuɗi ba za ta dawo ba har abada. Ruwan kaɗai za a riƙa biya, da ruwan 2,000 ɗin kuwa a saya wa masu ibadar addinin Buda su 20 da ke yin damina a kogon tufafi. Lissafin ya fita daidai: 2,000 ɗin nan na haifar da 240 a shekara, kowane mutum ya sami 12. An kuma shelanta yarjejeniyar a zauren garin, aka rubuta ta a ofishin ajiye takardu, don kada masaƙan baya su ce ba su da labari.