Zanen da Aka Yi wa Dariya a Kabul



A shekarar 2009, a birnin Kabul, an nuna wa Janar Stanley McChrystal, kwamandan sojojin Amurka da ƙawayenta a Afganistan, wani zane na yaƙin da suke yi da Taliban. Babu dutse ko kogi a ciki. Kalmomi ne kawai, irin su gwamnati, jama'a, 'yan tawaye da miyagun ƙwayoyi, sai kibiyoyi birjik daga wannan zuwa wancan, sun cukurkuɗe kamar taliya a faranti. Janar ɗin ya yi barkwanci cewa ranar da suka gane zanen, to sun ci yaƙin. A 2010 jaridar New York Times ta buga shi, duniya ta yi ta dariya.

Ni a ganina zanen ya fi masu dariyar gaskiya.

Ku ɗauki zagaye ɗaya daga cikin yaƙin. A lokacin yaƙin, manoma da yawa a kudancin ƙasar suna noman ofiyam, wanda ake yin miyagun ƙwayoyi da shi, Taliban kuma tana karɓar haraji a kai. Sai hukuma ta ce a lalata gonakin don a toshe wa Taliban kuɗi. Da jin haka za ka ce dabara ce. Amma manomin da aka lalata wa gona da me zai ciyar da iyalinsa? Ga bashi a wuyansa, ga haushin gwamnati. Wa zai ba shi kuɗi da bindiga? Taliban. Kibiyar ta zaga ta dawo inda ta taso, maganin ya ƙara ciwon. A cikin rubutu sai ka karanta shafi biyu kafin ka hango wannan. A zane kuwa kibiya huɗu ta isa.

Laifin wancan zanen ɗaya ne: an zuba komai a allo guda. Ko malamin lissafi ba ya rubuta darasin zango uku a rana ɗaya. Janar ɗin ma bai yi ƙarya ba, don Amurka ta fice a watan Agustan 2021, Taliban ta koma mulki.

Ina roƙon malamanmu na tarihi, in mun zo kan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, kada a tsaya ga haddar shekaru da sunaye. A raba mu rukuni-rukuni, a ba kowanne alli da gefen allo, wannan ya zana juyin mulkin 1966, wancan man fetur, wancan yunwa, sannan mu ga inda kibiyoyinmu za su haɗu.