Ɗalibin da ya yi tambaya bai kafirta ba

Akwai tambayar da yaro ba ya yi a ƙasar nan ba tare da ya yi da-na-sani ba: mene ne dalilin da ke nuna akwai Allah? In ya yi ta a zaure, sai a ce ya yi istigfari, wani lokaci a haɗa masa da bulala. In ya yi ta a ajin tarminal, sai malamin falsafa ya dubi ƙofa, ya sassauta murya, ya karanto abin da Dekart ya faɗa, ya wuce, domin jarrabawar bak ta ƙarato, kuma ba ya son zancen ya kai masallacin unguwa. Su biyun sun guje wa aikinsu, amma laifin na zaure ya fi nauyi, domin shi ne ya gaji littattafan da aka rubuta saboda wannan tambayar.

Shekaru aru-aru ana karanta Ummul Barahina ta Imamu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, a zaurukan Damagaram, Agadas da Katsina. Ɗan littafin nan bai tsaya ga lissafa siffofin Ubangiji ashirin ba. Hujjar hankali yake kawowa a kan kowace, yana farawa da cewa duniya fararriya ce, fararre kuwa ba ya samar da kansa. Sanusi ya tafi a kan cewa nazari wajibi ne ga duk baligi mai hankali, kuma ya tsananta ƙwarai a kan imanin gado da ba shi da dalili. To, ta yaya malamin da ya haddace wannan littafi zai daki yaron da ya nemi dalili? Hujja ba a gina ta sai don mai tambaya.

Imamu Gazali, wanda ake ɗaukar Ihya'unsa da hannu biyu, ya bayyana da alƙalaminsa a cikin Almunƙizu cewa ya yi kusan wata biyu yana shakkar duk abin da ido ke gani da abin da hankali ke yankewa, kuma abin da ya fitar da shi haske ne da Allah ya jefa a zuciyarsa. A 1095, yana kan kujerar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza da ɗalibai wajen ɗari uku, harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga, ya bar garin. Ya rasu a 1111, fiye da shekara ɗari biyar kafin Dekart ya fitar da littafinsa na 1637. Duk da haka ɗan lise yana fita da tunanin cewa shakka kayan Faransa ce, ta shigo tare da boko. Wannan ɓarnar, ta malamin falsafa ce.

Tun kafin Gazali ma, Muslimu ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kukan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu, wanda suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah (SAW) kuwa ya shaida musu cewa jin nauyin nan shi ne tsantsar imani. Bai kore su ba.

Masu saurin kafirtawa sukan jingina da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754. Da sun karanta shi da sun yi hankali. Shehu ya sha rubutu yana yaƙar masu ilimin kalami na zamaninsa da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba, har ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mai saɓo. A wurinsa hukunci yana kan zahiri, abin da ke cikin ƙirji kuwa na Allah ne.

Za a ce shakka cuta ce, barin ƙofarta a buɗe yana kai yara ga halaka. To, a dubi inda rufewar ke kaiwa. A 2014 dangin Mubarak Bala suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano, bayan ya faɗa musu ya daina yin imani. A 2020 aka kama shi saboda rubuce-rubucensa a Facebook, a 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su biyar a 2024. Zagin abin da jama'a ke girmamawa daban ne da tambaya, kuma ba a buƙatar yarda da ko kalma ɗaya tasa kafin a ga abin da ƙaramin ɗalibi na Maraɗi ya koya daga labarin: ya yi shiru. Sai ya ci gaba da tsayawa a sahu, da dare kuma ya kai tambayarsa ga wayar hannu, inda mai ba shi amsa bai san sunansa ba, bai kuma damu da makomarsa ba. Iyaye su yi ta murna da natsuwar da ba ta kai zuci ba.

Wasu daga cikin masu tambayar za su natsu bayan an zauna da su, wasu za su daɗe suna kai da komo, ƙalilan kuma ba za su dawo ba, ko da an kawo musu Sanusi da sharhinsa. Ba a taɓa yin zamanin da babu irin waɗannan ba, kuma bulala ba ta rage yawansu ba, sai dai ta ɓoye su. Ƙungiyoyin malamai da na al'adu, masu shirya laccoci kowane hutu a kan tarbiyyar matasa, suna da ikon zaunar da malamin zaure da na lise a tebur ɗaya, a ajiye Almunƙizu kusa da littafin Dekart, a bar ƴan tarminal su yi tambaya ba tare da an rubuta sunan kowa ba.