Filin Kiwon Lafiya: Wutar da ba ta da hayaƙi

A wannan wata filin namu zai leƙa ƙasar Burazil ne, domin mu ɗauko wani labari da ya shafi sana'ar da 'yan'uwanmu da yawa ke ci da ita a Nima da Sabon Zango da Aboabo, watau saye da sayar da tsohon ƙarfe. Daga labarin kuma za mu yi bayanin irin ɓarnar da wani ɓoyayyen haske ke yi wa jikin ɗan Adam, wanda masana ke kira radiyeshin.

A shekarar 1985 wani asibitin masu ciwon daji a birnin Goyaniya ya tashi ya koma sabon wuri, ya bar wata tsohuwar na'urar gashi a kangon. Ran 13 ga Satumba 1987 wasu mutum biyu suka shiga kangon, suka kwance kan na'urar, suka ɗora a baro suka kai gida da nufin su sayar. Tun a ranar suka fara amai, suka ɗauka wani abu ne suka ci. Da suka huda ƙaramin gwangwanin da ke tsakiyarta, sai suka sami wani gari kamar gishiri, wanda bai kai giram 100 ba. Sunansa siziyam-137.

Ran 18 ga wata suka sayar wa wani mai shagon tsohon ƙarfe. Da dare ya yi, sai mai shagon ya ga abin yana ba da haske shuɗi mai ban sha'awa. Ya kai shi cikin gida, ya kira 'yan'uwa da abokai su zo kallo, har ya rarraba musu ɗan gutsure kamar ƙwayar shinkafa. Wasu suka shafa a jiki don ado. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da garin, ta ci abinci ba ta wanke hannu ba. Sai ran 28 ga wata matar mai shagon, ganin mutanen gidanta na ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ta zuba abin a jaka ta shiga bas ta kai wa hukumar lafiya. Kashegari wani masani ya zo da na'urar awo, asiri ya tonu.

An auna mutum wajen 112,000, aka sami garin a jikin 249. Mutum huɗu suka rasu cikin watan Oktoba: matar nan, da yarinyar, da samari biyu ma'aikatan shagon. An rushe gidaje bakwai, an kwashe ƙasa da tarkace an kai bayan gari an adana. To, abin tambaya shi ne, yaya aka yi ɗan garin da bai cika tafin hannu ba ya yi wannan aika-aika, alhali ba wanda ya ji zafi ko wari a lokacin da yake riƙe da shi?

Amsar tana can cikin ƙwayoyin jiki. Kamar yadda ake gina soro da tubali, haka aka gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi wajen tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In ban da jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da wani siririn zare a naɗe a cikinta, wanda da za a warware shi zai kai tsawon mita 2. Wannan zare shi ne DNA ɗin da kuke ji ana gwaji a kansa. A jikinsa aka rubuta dukan umarnin da ƙwayar ke bi: aikin da za ta yi, lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta daina. Zaren tufka biyu ne kamar igiya, kuma abin da ke rubuce a tufka ɗaya ana iya gane shi daga ɗayar. Ku kwatanta da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, kowa na riƙe da littafin bashi iri ɗaya. Idan shafin wannan ya yage, sai a kwafo daga na wancan.

Hasken da siziyam ke fitarwa, da na hoton ƙirji na asibiti, sun bambanta da hasken fitila ko igiyar rediyo da ta wayar hannu ta wajen ƙarfi. Duk wani abu na duniya an yi shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace kuma tana da 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu kewaya ta da ake kira ilektaron, waɗanda su ne ke ɗaure zarra da zarra. Wannan haske yana da ƙarfin da zai fizge ilektaron daga mazauninsa, ɗaurin ya kwance. Igiyar rediyo da ta waya ba su da wannan ƙarfi.

Ta hanya biyu ɓarnar ke zuwa. Ta farko, hasken ya faɗa wa zaren kai tsaye ya tsinka shi. Ta biyu, ya fasa ƙwayar ruwan da ke kusa da zaren, domin mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar jiki ruwa ne. Gutsattsarin ruwan da aka fasa ba sa zama lafiya, nan take suke afka wa duk abin da ke kusa, su ci shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, sai dai su nasu cin bai kai ƙiftawar ido ba. Ga irin hasken siziyam da na hoton asibiti, kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar ta wannan hanya ta biyu take zuwa.

Idan tufka ɗaya ta tsinke, abin da sauƙi. A cikin kowace ƙwaya akwai masu gyara da ba sa barci, waɗanda ko ba radiyeshin ma kullum sai sun ɗinke dubban ƙananan lahani. Za su duba tufkar da ta rage su mayar da abin yadda yake. Matsalar ita ce idan duka biyun suka tsinke a wuri ɗaya, littafin ɗan kasuwa da na abokin ciniki sun yage a shafi guda. Ma'aunin da ake auna yawan hasken da jiki ya sha sunansa gire. Gire 1 kan tsinka tufka ɗaya a wuri kamar 1,000 cikin kowace ƙwaya, ya kuma tsinka duka biyun a wuri kamar 40.

Daga nan ɗayan abu uku ne zai faru. Ko gyara ya yi kyau ƙwayar ta ci gaba da aikinta, ko ɓarnar ta fi ƙarfin gyara ƙwayar ta mutu, ko kuma a yi gyaran ganganci, a haɗa bakin wannan zare da na wani dabam. Irin wannan haɗin kuskure ana ganinsa a madubin likita, kuma da ƙidaya shi a cikin jinin mutanen Goyaniya ne likitoci suka ƙiyasta yawan hasken da kowa ya sha.

Mu fara da mutuwar ƙwayoyi. Tun a 1906 wasu likitoci biyu na Faransa, Bergonié da Tribondeau, suka lura cewa ƙwayoyin da ke yawan rabuwa su ne suka fi jin jiki. Dalili kuwa, ƙwaya mai tsinkakken zare takan ci gaba da zama kamar lafiya lau, sai ranar da ta zo rabuwa biyu ta kasa. A jikinmu wuraren da ba a hutawa da rabuwa su ne ɓargo, inda ake ƙera jini, da bangon hanji, da fata, da saiwar gashi, da inda ake yin maniyyi. Wannan ne ya sa ciwon ke da yaudara. Mutum zai yi amai da zawo kwana ɗaya ko biyu, sannan ya ji sauƙi har ya koma bakin aiki, domin tsohon jinin da ke jikinsa na nan yana aiki. Amma masaƙar ta riga ta tsaya. Bayan mako biyu zuwa huɗu, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun ƙare ba a yi sababbi ba, haka ma masu daskarar da jini. Sai zazzaɓi, da zubar jini, da zubewar gashi, ƙaramar cuta ta kayar da mutum. Abin da ya kashe mutum huɗun nan ke nan, bayan kowannensu ya sha tsakanin gire 4 da rabi zuwa 6.

Ga abin mamaki. Gire 4 a dukan jiki na iya kashe rabin waɗanda suka sha shi idan ba magani, amma ɗumin da zai ƙara wa jiki bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na digiri ɗaya ba. Kurɓin shayi ya fi shi ɗumama mutum. Shi ya sa ba wanda ya ji komai. Wani abin lura kuma, shi mai shagon ya sha wajen gire 7, fiye da matarsa, amma ya tsira daga ciwon. Masana sun danganta haka da cewa shi yana fita yana dawowa, nasa ya zo masa kaɗan-kaɗan, masu gyara suna samun sararin ɗinki, ita kuwa tana gida tare da abin.

Gyaran ganganci kuwa shi ne mai dogon zango. Ƙwayar ba ta mutu ba, amma umarninta ya gurɓata, kuma duk 'ya'yan da za ta haifa da wannan kuskure za su fito. A 1927 wani Ba'amurke, Hermann Muller, ya nuna cewa hasken hoton asibiti na canza halittar 'ya'yan ƙananan ƙudaje, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1946. Idan kuskuren ya faɗa kan umarnin da ke ce wa ƙwaya ta daina rabuwa, to an shuka irin ciwon daji. A cikin waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945, ciwon dajin jini ya fara yawaita bayan 'yan shekaru, sauran ire-iren kuwa sai bayan shekara goma ko fiye. Ba kowa ne ya kamu ba, sai dai gwargwadon yawan hasken da mutum ya sha, gwargwadon ƙaruwar hatsarin.

Kada wannan bayani ya sa wani ya guje wa asibiti. Guba da magani, awo ne ya raba su. Kullum muna shan ɗan radiyeshin daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, kuma hoton ƙirji guda bai wuce abin da mutum kan sha a haka cikin kwana 10 ba. Hasken ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura. Mace mai ciki dai, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauki hoton, domin ƙwayoyin ɗan tayi suna cikin rabuwa ba dare ba rana. Gashin ciwon daji da ake yi a asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye ma da wannan ilmi yake aiki: ana auna hasken a kan ƙarin, a raba shi kashi-kashi cikin makonni, domin lafiyayyun ƙwayoyi su sami damar gyara tsakanin yau da gobe, na dajin kuwa su yi ta mutuwa.

Inda hatsarin yake shi ne abin da ya kuɓuce daga hannun masu kula da shi ya faɗa bola. Bayan Goyaniya an sake yin irinsa a Samut Parakan ta ƙasar Tailan a 2000, mutum 3 suka mutu, sannan a kasuwar tsohon ƙarfe ta Mayapuri a Delhi ta Indiya a 2010, mutum 1 ya mutu. Ba asibiti kaɗai ke amfani da irin waɗannan abubuwa ba, har da ma'adinai, da kamfanonin titi, da masu duba waldar bututu. Siziyam-137 kuwa sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, saboda haka tsufan na'ura ba ya nufin ta mutu.

Don haka, 'yan'uwa masu wannan sana'a, ku riƙe alamar: fukafukai uku kamar na fanka, baƙaƙe ko ja-ja, a kan rawaya. Tun 2007 an ƙara wata, jan alwatika mai ɗauke da fankar da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Wani lokaci alamar ta goge, to duk ƙaramin tulun ƙarfe da nauyinsa ya fi girmansa, ko aka lulluɓe shi da dalma aka kulle, a yi hattara da shi. Kada a sa masa guduma, kada a kai shi gida ko a sa a aljihu. A ja da baya, domin duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninku, hasken da ke isowa gare ka na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A hana yara zuwa wurin, a sanar da 'yan sanda, su kuma su nemi hukumar sa ido kan harkokin nukiliya da ke Kwabenya. Idan kuma mutum biyu ko uku a shago ɗaya suka kama amai tare, ko ƙuna ta fito wa wani a hannu ba tare da ya taɓa wuta ba, a gaya wa likita irin sana'ar da ake yi da abin da aka fasa a 'yan kwanakin. Mutanen Goyaniya sun yi kwana 15 ana yi musu maganin wasu cututtuka dabam.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, shugabannin 'yan ƙarfe kuma su zana alamar nan su manna a bakin shago. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.