FILIN MATA: MAFARKIN FAƊUWAR HAƘORI

  

Zancenmu na yau a kan wani mafarki ne da kusan kowace mace ta san shi. Watau ki ga haƙorinki yana girgiɗi har ya faɗi, ko kuwa ki ga haƙora suna zuba a tafin hannunki kamar tsabar masara. Ki farka gabanki yana faɗuwa, ki sa harshe ki lalluba, ki ji suna nan daram. Duk da haka hankali ba ya kwanciya, don tun muna ƙanana a ke gaya mana wai wanda ya yi wannan mafarki za a yi masa mutuwa. Mata Kirista da yawa suna so su san abin da addininsu ya ce game da wannan. Su za mu amsa wa yau, amma maƙwabtanmu Musulmi ma su matso kusa, gama tsoron nan bai bar gidan kowa ba.

Da fari dai, ki sani Littafi Mai Tsarki bai raina mafarki ba. A cikin Farawa sura 41 Fir'auna ya ga shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, Yusufu ya bayyana masa shekarun ƙoshi da na yunwa, ƙasar Masar ta tsira. A cikin Matiyu sura 1 da 2, sau huɗu a ke yi wa Yusufu mijin Maryamu magana cikin mafarki. Har ma akwai mafarkin mace, watau matar Bilatus, wadda ta aika wa mijinta da gargaɗi yana zaune bisa kujerar shari'a, a Matiyu sura 27.

Amma ki buɗe Littafin daga Farawa har Wahayin Yahaya, ba za ki sami mutum ko ɗaya da ya yi mafarkin haƙorinsa ya faɗi ba. Ba kuwa za ki sami aya ɗaya da ta ce wannan mafarki alamar mutuwa ne ba. An ambaci haƙora a wurare da dama. A Zabura 3 an yi zancen kakkarya haƙoran mugaye, watau karya ƙarfinsu. A Amos sura 4 haƙoran da ba su da abin taunawa kwatancin yunwa ne. A Mai Hadishi sura 12, littafin da tsohuwar fassara ke kira Mai-Wa'azi, an kwatanta tsufa da masu niƙa da suka daina aiki don sun ragu, masana kuwa sun ce haƙoran tsoho ke nan. Dukan waɗannan ba zancen mafarki ba ne. Wanda ya tsinto su ya ɗora wa mafarkinki, ɗinkin kansa ya yi.

To, daga ina fassarar mutuwar ta fito? Tsohuwa ce ƙwarai. Wani Bahelene mai suna Artemidoras, mutumin birnin Afisa, ya rubuta littafin fassarar mafarki a ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu. A ciki ya kwatanta baki da gida, haƙora kuwa su ne mutanen gidan, na dama maza, na hagu mata. Shi ba Kirista ba ne. Afisan nan kuwa ita ce inda Ayyukan Manzanni sura 19 ta ce sababbin masu bi sun tara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a. Har wa yau, a littafin da a ke danganawa ga Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu shekara ta 110 bayan Hijira, an ɗauki haƙora a matsayin dangi, na sama maza, na ƙasa mata. Kin ga ko a wajen raba maza da mata, littattafan biyu ba su bi hanya ɗaya ba. Kada kuma ki manta malaman Musulunci suna koya wa wanda ya yi mummunan mafarki ya nemi tsarin Allah, kada ya yi ta ba mutane labarinsa.

Wata za ta ce, "Ai ni na yi mafarkin, ba a yi wata guda ba kawuna ya rasu." Allah ya ji ƙansa. Amma 'yar'uwa, ƙidaya danginki, na uwa da na uba da na miji. Gidan da ya tara mutum ɗari, da wuya shekara ta juyo ba a yi rashi ba. Mu kan riƙe mafarki ɗaya da ya zo daidai da mutuwa, mu manta da goma da suka wuce lafiya lau.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne ɓarnar da tsoron ke yi. Mace ta yi mafarki, sai ta ruga wurin wani mai cewa shi yana gani. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce akwai hannu a ciki, wata tsohuwa a dangin mijinki tana neman kurwar ɗanki. Daga nan kuɗin cefane ya tafi sayen mai da ruwan addu'a, kuɗin makarantar yara ya bi baya. Uwar miji ta aiko da ƙosai, a zubar a bola. A hana jikoki zuwa ɗakinta. Tsohuwar da ta yi goyon mijinki ta wayi gari ana nuna ta da baki ana cewa mayya. Wannan duka a kan me? A kan haƙorin da ke nan cikin bakinki bai ko motsa ba! Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa, balle suruka da matar ɗa, amma saɓani bai mai da kowa maye ba. Hausawa sun ce zato zunubi, ɗaya daga cikin Dokoki Goma kuma ta hana yin shaidar zur a kan maƙwabci.

Annabi Irmiya ya san irin waɗannan masu gani. A sura 23 ya tsauta wa annabawan da ke yawo suna shelar mafarkansu suna ɓad da jama'a, ya kwatanta mafarkan nan da ƙaiƙayi, maganar Allah kuwa da alkama. Yusufu da Daniyel, da aka kawo musu mafarkin sarakuna, dukansu biyu sun mai da sanin ga Allah, ba su ce gwanintarsu ce ba. Ki lura kuma, mafarkin Fir'auna ya sa an tara hatsi an ceci rayuka, na mijin Maryamu ya sa an tsere da jariri zuwa Masar. Saboda haka ga ma'auni: fassarar da ta bar ki da ƙiyayya da bashi da rashin barci, ki yi nesa da ita.

Mai Hadishi sura 5 ta ce yawan ɗawainiya ke kawo mafarki. Wace ce ta fi matar aure ɗawainiya? Ga daka, ga wanki, ga yaro ba lafiya, ga tunanin abin da za a ɗora a tukunya gobe. Ku kuma 'yan makaranta, ga jarrabawa ta ƙarato. Masu bincike ma sun taɓa duba wannan mafarki. A shekarar 2018 waɗansu masana a Jami'ar Ben-Gurion ta ƙasar Isra'ila sun tambayi ɗalibai 210, suka tarar masu yin mafarkin haƙori sun fi zama waɗanda ke farkawa da tsamin haƙora ko na muƙamuƙi. Watau mai yiwuwa ne mutum yana datse haƙoransa cikin barci, jiki ya ji, ƙwaƙwalwa ta mai da abin mafarki. Bincike ɗaya ne, bai rufe magana ba, amma ya isa ya sa mu duba bakinmu kafin mu dubi maƙwabta.

To, in kin yi mafarkin, ga shawarata.

Na ɗaya, ki yi addu'a. Filibiyawa sura 4 ta koya mana mu kai damuwarmu gaban Allah tare da godiya. Ki ambaci mutanen gidanki ɗaya ɗaya, har da wadda ba ku shiri, sa'an nan ki koma ki kwanta.

Na biyu, kada ki kai labarin bakin rijiya ko wurin niƙa. In abin ya tsaya miki a rai, ki gaya wa maigida, ko matar fasto, ko wata dattijuwa mai riƙon asiri a Zumuntar Mata. Wanda ya nemi kuɗi kafin ya fassara, ko ya kama sunan wani, ki ɗauki gyalenki ki fita.

Na uku, in mafarkin ya tuna miki da Inna ko Baba da ke fama a ƙauye, ki shirya ki je ki gan su, gama zumunta a ƙafa ta ke. In ba su da lafiya a kai su asibiti. Wannan ya fi zama a ɗaki ana kukan mutuwar da ba a yi ba.

Na huɗu, ki ɗauki madubi ki buɗe baki. Babban mutum haƙora 32 gare shi, yaro kuwa 20, ya kan fara famfara wajen shekara 6. Haƙoran can ƙurya su kan fito tsakanin shekara 17 da 25, sau da yawa da ciwo, saboda haka 'yan mata kada ku firgita. Mai juna biyu kuma dasashinta ya kan kumbura, ya yi jini in tana goge baki. Ki riƙa goge haƙora safe da dare da buroshi da man goge baki, ki riƙe asuwaki, ki rage alewa da lemon kwalba, ke da yaran duka. In haƙori yana girgiɗi a farke, ko dasashi ba ya daina jini, wurin likitan haƙori za ki. Wannan shi ne haƙorin da ya kamata ki ji tsoron faɗuwarsa, don na babba in ya fita ba ya sake tsirowa.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku kuma gaishe mini da tsofaffin gida. Allah ya ba mu barci mai daɗi, ya tashe mu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Yayarku ta Filin Mata